Mace ce, baƙa ce, amma wa ya kafa rundunar?

A watan Mayun 2025, lokacin da labari ya zo cewa masu taimaka wa alƙali a wata kotun jihar Tennessee ta Amurka sun wanke uku daga cikin 'yan sandan da suka yi wa Tyre Nichols dukan da ya yi ajalinsa, na ji maganganu biyu da suka tsaya mini a rai.

Ta farko daga bakin wani dattijo ce a majalisarmu. Da aka gaya masa ai shugabar 'yan sandan birnin Memphis, inda abin ya faru, mace ce, sai ya tafa hannu ya ce, "To Malam, ai ka gama magana. Ƙartin maza kowa da bindiga a ƙugu, ka ɗora musu mace, me kake jira?"

Ta biyu daga ƙanwata ce, wadda ta fi ni bibiyar labaran Amurka. Ta ce, "Yaya, ai haka suke yi. Sai gari ya lalace su nemo baƙar mace su zaunar a kujera, in abu ya fashe ita ce mai shan zagi."

Shi ya ɗora mata laifi don tana mace, ita ta wanke ta don tana mace. A cikinsu babu wanda ya tambayi abin da ta yi da kujerar da aka ba ta.

Ni ga inda na tsaya. Shugabar 'yan sandan da suke magana a kanta, Cerelyn Davis, wadda aka fi sani da CJ Davis, gogaggiyar 'yar sanda ce, kuma ta cancanci yabo kan yadda ta tafiyar da makonni ukun da suka biyo bayan dukan. Amma rundunar da ta kashe yaron nan, mai suna SCORPION, ita ta kafa ta, alhali ta taɓa jagorantar irinta a wani birni, ta kuma ga yadda aka ƙare. Wannan alhaki yana wuyanta. Zamanta mace bai ƙara masa nauyi ba, zamanta baƙa bai rage masa ba.

Wace ce ita

Ta shiga aikin ɗan sanda a Atlanta a 1986, ta yi ta hawa har ta kai mataimakiyar shugaban rundunar birnin. Tafiyar ba ta zo mata a miƙe ba. A 2008 an kore ta bisa zargin hannu a wani binciken da aka yi wa riƙon sakainar kashi, ta ɗaukaka ƙara, hukumar ma'aikata ta maido ta bakin aiki. A 2016 ta zama shugabar 'yan sandan Durham a jihar North Carolina. Ta shugabanci ƙungiyar manyan jami'an tsaro baƙaƙen fata ta Amurka, kuma a 2020, bayan kisan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya danne wa wuya har ya mutu, tana cikin waɗanda suka je gaban kwamitin Majalisar Dattawa suka yi magana kan gyaran aikin ɗan sanda.

A 2021 magajin garin Memphis na lokacin, Jim Strickland, ya ɗauko ta. Ita ce mace ta farko da ta riƙe rundunar birnin, birnin da kusan kashi biyu cikin uku na mutanensa baƙaƙe ne.

Wanda duk ya dubi wannan tarihi ya san ba daga sama aka jefo ta ba. Shekara 35 tana cikin kaki kafin ta taka Memphis.

Daren 7 ga Janairu

Tyre Nichols ɗan shekara 29 ne, ma'aikaci a kamfanin FedEx, yana da ɗa guda. A daren 7 ga Janairun 2023 yana hanyar komawa gida, wasu 'yan sanda a motocin da ba su da tambari suka tare shi. Suka ce tuƙin ganganci yake yi. Daga baya ita kanta Davis ta ce sun duba ba su ga abin da ya tabbatar da hakan ba.

A bidiyon da kyamarorin ƙirjinsu suka ɗauka, an ga sun finciko shi daga mota suna ta yi masa ihu, wannan na cewa kwanta, alhali yana kwance, wancan na cewa miƙo hannu, alhali wani na riƙe da hannun. Shi kuma yana ce musu gida kawai yake son zuwa. Suka fesa masa barkono, suka harba masa na'urar lantarki, ya fizge ya ruga.

Sun cim masa a wata kwana, tazarar da ba ta kai tsawon filin ƙwallo ba daga gidan mahaifiyarsa. A can akwai wata kyamarar birni a saman turke, ba ta ɗaukar sauti, ita ta nuna komai. Biyu sun danne shi, ɗaya ya zo ya yi ta harbinsa da ƙafa a kai. Wani ya zaro kulki. Sannan suka miƙar da shi tsaye, hannayensa a riƙe ta baya, ɗaya ya yi ta kai masa naushi a fuska yana tangaɗi. A kyamarar ƙirji ana jin sa yana kiran mahaifiyarsa.

Da suka gama suka jingina shi da mota da ankwa a hannu. Yana sulalewa ƙasa, suna sake jingina shi, suna tsaye suna hira. Ɗayansu ya ɗauke shi hoto da waya ya tura wa mutane. An shafe fiye da minti 20 kafin a ɗora shi a gadon motar asibiti. Ya rasu ranar 10 ga wata.

Na kawo wannan dalla-dalla ne don a lura da abu guda. Babu wanda ya waiga ya ga ko ana kallonsa. Sun san kyamarori na aiki. Mutumin da ke yin abu karo na farko ba ya samun irin wannan natsuwa.

A ba ta haƙƙinta

Ranar 20 ga Janairu Davis ta kori 'yan sanda biyar da ke da hannu a dukan. Ranar 26 mai gabatar da ƙara ya tuhume su da kisa. Ranar 27 aka saki bidiyon. Kafin a sake shi ta fito ta ce abin da aka yi rashin imani ne, ta kuma kwatanta shi da dukan da 'yan sandan Los Angeles suka yi wa Rodney King a 1991, ta ce ko dai daidai suke ko wannan ya fi muni.

Kada a raina wannan. A Chicago, wani ɗan sanda ya harbe wani matashi Laquan McDonald a Oktoban 2014, aka ɓoye bidiyon har wata 13, sai da kotu ta tilasta. A wurare da yawa shugaban 'yan sanda kan fara da cewa ana bincike, a jira, a jira, har mutane su gaji. Ita ba ta yi rufa-rufa ba. Kuma ina ganin wannan saurin yana cikin abin da ya sa zanga-zangar Memphis ta tafi lami lafiya, ba a ƙona gari ba.

Akwai masu cewa an yi saurin ne saboda duka biyar ɗin baƙaƙe ne, da farare ne da an ja ƙafa. Suna kafa hujja da ɗan sanda na shida, farar fata, wanda ya harba na'urar lantarkin a tsayawar farko: sai a watan Fabrairu aka kore shi, kuma ba a tuhume shi ba. Zargin yana da tushe a tarihin ƙasar, ba na musu. Sai dai gyaran shi ne a yi wa kowa irin wannan sauri, ba a rage wa waɗannan ba.

"Ai mace ba za ta iya ba"

Wannan ba za ta ɗauke mu lokaci ba.

Namiji ne ke riƙe da Los Angeles ranar da aka daki Rodney King. Namiji ne a Chicago. Namiji ne a Minneapolis ranar da aka danne wuyan George Floyd. Nan gida Najeriya ba a taɓa yin mace Sufeto Janar ba, kuma duk ta'asar da SARS ta yi shekara da shekaru a ƙarƙashin maza ta yi ta. Ban taɓa jin an ce maza sun gaza, a daina ba su ba.

Mata kuwa sun riƙe, an gani. Beverly Harvard ta zama shugabar 'yan sandan Atlanta a 1994, baƙar mace ta farko da ta riƙe babban birni a Amurka, ita ke kan kujera lokacin gasar Olamfik ta 1996, ta yi shekara takwas. Davis a ƙarƙashinta ta yi wani ɓangare na aikinta.

Kuma shugaban 'yan sanda ba kokawa yake yi da ɓarayi ba. Aikinsa kasafin kuɗi ne, da ɗaukar ma'aikata, da zaɓen wanda zai riƙe wane sashe, da sa hannu a takardar kora. Davis ta kori ƙarti biyar cikin kwana 13, babu wanda ya ce ba zai miƙa kakinsa ba don mace ce ta sa hannu. Matsalar Memphis ba rashin bin umarninta ba ce. Tambayar ita ce wane umarni aka bayar tun farko.

"An saka ta ne don ta sha zagi"

Maganar ƙanwata ta fi nauyi, domin akwai inda ta faru.

Dubi Keechant Sewell. Magajin garin New York na lokacin, Eric Adams, ya yi alƙawari tun yana kamfe cewa mace zai ba kwamishinan 'yan sanda, ya kuma cika. Ranar 1 ga Janairun 2022 ta kama aiki, mace ta farko a tarihin rundunar da ke da jami'ai sama da 30,000. Ƙananan 'yan sanda sun so ta, harbe-harbe da kisa sun ragu a shekararta ta farko. Wata 18 ta ajiye aiki. Jaridun birnin sun yi ta ruwaito cewa ko ƙarin girma ba ta iya yi wa jami'i sai fadar magajin gari ta yarda, ga mataimakin magajin gari Philip Banks, tsohon babban ɗan sanda, a samanta. Da ta nemi hukunta wani babban jami'i na kusa da magajin garin, sai ta ga iyakarta. Wannan shi ne muƙamin jeka-na-yi-ka. Kuma ta kyauta wa kanta da ta ajiye.

Dubi Carmen Best a Seattle. Shekara 28 tana aiki a rundunar, baƙar mace ta farko da ta shugabance ta. A Agustan 2020, cikin zafin zanga-zangar George Floyd, kansilolin birnin suka zabtare kasafin 'yan sanda har da albashinta, ta ce ba a ma zauna da ita ba. Ta yi murabus.

To, eh, ana yin haka. Amma in za mu yi amfani da wannan awo, sai mu auna kowace da abin da ya same ta. Sewell an ɗaure mata hannu. Davis an sakar mata. Ta zo Memphis a tsakiyar 2021, kafin shekara ta ƙare ta kafa sabuwar runduna, ta ba ta motoci da mutane, magajin gari ya tafa mata. Wanda aka bai wa ikon kafa runduna ba hoto ba ne.

Akwai ma raini a cikin wannan kariya, ko da mai yin ta bai nufa ba. In ka ce mace mai shekara 35 a aiki ba ta san abin da ake yi da sunanta ba, ka koma layin dattijon nan ta ƙofar baya. Girmama ta shi ne a yi mata tambayar da za a yi wa namijin da ke kan wannan kujera.

Inda gizo ke saƙa

Yadda aka tsara SCORPION shi ne a ɗebi jami'ai 'yan gommai, a raba su ƙungiya-ƙungiya, a tura su unguwannin da laifi ya fi yawa, galibi cikin motoci marasa tambari. Ba jiran kiran gaggawa suke yi ba, farauta suke fita. Makaminsu na farko shi ne tsayar da mota: fitila ta mutu, lamba ta karkace, gilashi ya yi duhu. Daga nan a caje motar ko za a dace da bindiga ko ƙwaya.

A Janairun 2022 magajin gari ya tsaya yana yabon rundunar da alƙaluma. Cikin 'yan watanni ta kama mutum 566, ta ƙwace motoci 270 da makamai 253. A lura da abin da aka ƙirga. Ba a faɗi mutum nawa aka tsayar aka caje ba a samu komai ba. Ba a faɗi nawa aka mara ba, nawa suka kai ƙorafi, nawa suka haɗiye don sun san ba inda za su kai.

Kowa ya san mai motar hayar da ke ce wa direbansa, ni dai kullum ka kawo mini balas kaza, ban damu da yadda ka yi ba. Direban zai yi lodin da ya wuce ƙa'ida, ya yi gudu, ya ƙi barci. Ranar da motar ta kife, mai motar ne zai fara cewa wallahi yaron nan ba shi da hankali, ya kore shi. Korar daidai ce, yaron ya yi ganganci. Amma balas ɗin wa ya yanka?

Sannan a dubi waɗanda aka zuba a ciki. Biyar ɗin da aka kora shekarunsu tsakanin 24 ne da 32, kuma duk tsakanin 2017 da 2020 aka ɗauke su aiki. Wato wasunsu ko shekara uku ba su cika ba. Irin wannan aiki, da ɗan sanda ke fita ba kowa a kansa yana yanke hukunci cikin daƙiƙa, na tsofaffin hannu ne, da babban jami'i a kusa. A daren nan, lokacin da ake dukan, babu wani babba a wurin. Wanda ya iso daga baya kuma ya yi ritaya da haƙƙoƙinsa ana gobe za a zauna sauraron batun ladabtar da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne Atlanta. A 2006 zuwa 2007 Davis ta riƙe sashen da wata runduna mai suna Red Dog ke ƙarƙashinsa. Aikinsu ɗaya da na SCORPION: a cika unguwa da jami'ai masu zafin hannu. Ƙorafi ya yi ta taruwa a kan Red Dog, na duka da caje mutane tsirara a titi. A 2009, bayan ta bar sashen, suka kai samame wata mashaya suka kwantar da mutane a ƙasa ba tare da wani laifi ba, birnin ya biya diyyar fiye da dala miliyan ɗaya. A 2011 aka rusa rundunar. Ba ita ta kai wannan samame ba, a faɗi gaskiya. Amma tana Atlanta, tana cikin manya, a gabanta aka yi komai. Shekara goma bayan haka ta je wani birni ta sake gina irinta.

Ko bayan mutuwar Nichols ba nan take ta saki ba. A ranar da za a fitar da bidiyon tana gaya wa 'yan jarida cewa ba ta yarda a ce rundunar gaba ɗaya ba ta da kyau ba saboda abin da wasu 'yan ƙalilan suka yi. Washegari, 28 ga Janairu, aka rusa ta.

Mu nan ba baƙon labari ba ne. SARS an kafa ta ne don 'yan fashi, aka ba ta damar yawo ba kaki ba tambari, ta koma tare samari ana duba wayoyinsu. Ranar 11 ga Oktoban 2020 aka ce an rusa ta, bayan kwana biyu aka sanar da sabuwar runduna mai suna SWAT. Irin wannan runduna, ko a Legas ko a Memphis, hali ɗaya take ɗauka, domin tsarin ne ke haifar da halin: iko mai yawa, sa ido kaɗan, sai ƙirgen kamu.

"To me za ta yi, gari na cin wuta?"

Wannan ce hujja mafi ƙarfi a wajen masu kare ta, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba.

A 2021, shekarar da ta zo, an kashe mutum 346 a Memphis, adadin da birnin bai taɓa gani ba. Mafi yawan mamatan baƙaƙe ne. Tsohuwar da ke kwana a ƙasa don tsoron harsashi ya shigo ta taga ba ta son jin dogon turanci kan haƙƙin ɗan Adam, so take ta ga 'yan sanda a layinsu. Mutanen unguwannin da kansu suke roƙon a turo. Shugabar da ta naɗe hannu a irin wannan hali ita ma ta ci amana.

Za su ƙara da cewa a 2023, shekarar da aka rusa SCORPION, kisan ya haura zuwa 398. Ga shi nan, in ji su, an cire kariya gari ya ƙara lalacewa.

Amma a 2024 kisan ya sauka sosai, babu SCORPION, kuma Davis ɗin ce dai a kan kujera. In hawan 2023 hujja ce cewa ana buƙatar rundunar, saukar 2024 hujja ce cewa ana iya yi ba ita. Gaskiyar magana, kisa a biranen Amurka ya hau bayan 2020 ya kuma sauka daga baya kusan ko'ina, da masu irin wannan runduna da marasa ita.

Kuma tsohuwar nan da ta roƙi a turo 'yan sanda, jikanta ne ke tuƙa motar da fitilarta ta mutu. Abin da ta nema shi ne a kama wanda ya yi harbi jiya, wanda duk layin sun san sunansa. Wannan aikin bincike ne, yana buƙatar shaidu, shaida kuma ba ya buɗe baki ga mutanen da suka fasa wa ƙaninsa baki a bakin titi makon jiya. Duk samamen da aka ci zarafin marar laifi a cikinsa, an yi asarar wani shaida na gobe.

"Duka baƙaƙe ne, ina wariyar?"

Wasu sun ce tunda shugaba baƙa ce, waɗanda suka yi dukan baƙaƙe, wanda aka kashe baƙi, to maganar launin fata ta faɗi. Wasu kuma suka juya ta: in haka ne, mene ne amfanin fafutukar a ba baƙaƙe muƙami?

Ga na farko, a tambayi inda aka tura rundunar. Ba a ga motoci marasa tambari suna finciko mutane daga mota a unguwannin masu kuɗi saboda lamba ta karkace ba. Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta yi bincike na wata 17, ta fitar da rahoto a Disambar 2024 cewa 'yan sandan Memphis na amfani da ƙarfin da ya wuce kima, suna tsayar da mutane ba bisa ƙa'ida ba, suna kuma nuna wa baƙaƙe bambanci. Wannan a rundunar da mafi yawan jami'anta baƙaƙe ne. Rahoton ya nuna abin ya wuce mutum biyar, ya wuce runduna ɗaya. Gwamnatin Trump ta janye shi a Mayun 2025, amma janyewa ba ta goge abin da masu binciken suka gani a bidiyoyi da takardun rundunar ba.

Ga na biyu, amfanin yana nan, sai dai ba shi ne wanda aka yi ta tallatawa ba. Buɗe ƙofar da aka rufe wa mata da baƙaƙe shekaru aru-aru adalci ne a karan kansa, kuma yana faɗaɗa inda ake zaɓo gwanaye. Abin da ba ya yi shi ne sauya halin ɗan sandan da ke sintiri ƙarfe biyun dare. Afirka ta Kudu ta gani. A Yunin 2012 Jacob Zuma ya naɗa Riah Phiyega, mace ta farko da ta shugabanci 'yan sandan ƙasar. Bayan wata biyu, ranar 16 ga Agusta, 'yan sanda suka harbe ma'aikatan haƙar ma'adinai 34 a Marikana. Ta kare jami'anta, aka dakatar da ita a 2015. Baƙar gwamnati, baƙar shugaba, baƙaƙen gawarwaki.

Abin da ya fi ƙarfinta

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai abubuwan da ba a hannunta suke ba, kuma rashin adalci ne a jibga mata su.

Bayan mutuwar Nichols, kansilolin Memphis sun yi dokar da ta hana tsayar da mota kan ƙananan dalilai irin su fitila ɗaya da ta mutu. A Maris 2024 majalisar jihar Tennessee, wadda 'yan Rifablikan ke da rinjaye a cikinta, ta yi dokar da ta soke wannan, Gwamna Bill Lee ya sa hannu, duk da roƙon iyayen yaron. Wannan ba Davis ba ce.

Shari'ar ma ba ita ba ce. Biyu daga cikin biyar ɗin sun amsa laifi. A kotun tarayya, a Oktoban 2024, an sami sauran ukun da laifin ƙoƙarin ɓoye gaskiya, amma an wanke su daga tuhuma mafi girma. A kotun jiha kuma aka ɗauko masu taimaka wa alƙali daga wani yanki mai nisa da Memphis, suka wanke su sarai. Shugaban 'yan sanda kora ce iyakarsa, ɗauri na kotu ne.

Haka nan ƙarancin ma'aikata da sassauta sharuɗɗan ɗaukar aiki sun riga ta zuwa. Ta gaji runduna mai neman mutane ido rufe. Sai dai wannan uzuri kaifi biyu gare shi. Wanda ya san yaransa sababbin hannu ne, shi ya fi kowa sanin bai kamata ya sake su cikin dare ba babba a tare da su.

A Janairun 2024, da sabon magajin gari Paul Young ya nemi a sabunta naɗinta, kansiloli suka ja daga, aka bar ta a matsayin riƙon ƙwarya. Bayan shekara guda, laifuka sun ragu, suka tabbatar da ita. Ban ce lallai sai an kore ta ba. Mai yiwuwa wadda ta ga wannan bidiyo a matsayin shugaba ta fi wani sabo sanin abin da ba za a sake ba. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne yadda muhawarar ta koma kan alƙaluman laifi kawai, irin ƙirgen da ya haifi matsalar tun farko.

Iyalan Nichols sun shigar da ƙarar neman diyyar dala miliyan 550 a Afrilun 2023. A takardar ƙarar ba 'yan sandan da suka yi dukan kaɗai suka sa ba. Sun sa birnin Memphis, sun sa sunan Cerelyn Davis, sun kuma kawo tarihin Red Dog. Tambayoyin da ke ciki su ne waɗanda ya kamata kansiloli su yi mata tun tuni: wa ya zaɓi waɗannan samari, wane horo aka ba su, ƙorafi nawa ya iso teburinta kafin 7 ga Janairu, kuma me ta yi da shi.